Fashin Baƙi a Kan "The Devil's Rain": Fim Ɗin Bautar Shaiɗan na 1975 da Ya Tara Manya Ya Fito Lami

A tsakiyar shekarar 1975 aka fara nuna wani fim ɗin ban tsoro a gidajen sinima na Amurka mai suna The Devil's Rain, wato ruwan saman Shaiɗan, kuma duk wanda ya karanta sunayen da ke jikin allon tallarsa a lokacin yana da hujjar sa rai. Akwai Ernest Borgnine, wanda ya ci lambar Oscar ta gwarzon jarumi da fim ɗin Marty na 1955. Akwai William Shatner, Kyaftin Kirk na shirin talabijin ɗin Star Trek. Akwai Ida Lupino, tsohuwar tauraruwa da ke cikin mata 'yan ƙalilan da suka ba da umarnin fim a Hollywood a shekarun 1950, ga kuma Eddie Albert da Keenan Wynn da Tom Skerritt. Daraktan, Robert Fuest, ɗan Ingila ne da ya faro daga zane da tsara dandalin wasa, ya kuma yi suna a 1971 da The Abominable Dr. Phibes, fim ɗin da har yau masu sha'awar wannan fanni ke yaba kyan tsarinsa. Don a ƙara wa miyar gishiri, masu shirya fim ɗin suka ɗauko Anton LaVey, mutumin da ya kafa ƙungiyar da ya kira Cocin Shaiɗan a birnin San Francisco a 1966, suka naɗa shi mai ba da shawara kan al'amuran tsafi, har suka ba shi ɗan matsayin babban limamin matsafa a cikin wasan. Da wannan taron duka, abin da ya fito fim ne na minti 86 wanda mai kallo kan ji kamar ya ninka haka tsawo.

Ba za a ce fim ɗin ya zo a lokacin da ba a bukatarsa ba, domin a waɗannan shekarun Shaiɗan haja ne mai tafiya a kasuwar Amurka. A watan Afrilun 1966 mujallar Time ta fito da bango mai ɗauke da tambayar ko imani da Ubangiji ya mutu a zukatan mutanen Yamma, a watan Yunin 1972 kuma ta sake fitowa da bango kan dawowar sha'awar tsafi da sihiri. Tsakanin waɗannan shekarun aka yi Rosemary's Baby a 1968, aka yi kashe-kashen da mabiya Charles Manson suka aikata a Los Angeles a watan Agustan 1969, waɗanda suka sa Amurkawa suka fara ɗaukar maganar ƙungiyoyin asiri da muhimmanci. A ƙarshen Disambar 1973 The Exorcist ya fito ya kwashi kuɗin da ba a taɓa tsammanin fim ɗin ban tsoro zai kwasa ba, aka sa shi takarar Oscar a fannoni 10, ya ci 2. Bayan haka kowane ƙaramin kamfani ya shiga neman labarin da ke da baƙar alkyabba da kyandir da kan bunsuru. The Devil's Rain ɗaya ne daga cikin 'ya'yan wannan rububin, kuma yana cikin waɗanda suka fi samun kayan aiki, abin da ya sa faɗuwarsa ta cancanci a tsaya a duba ta.

Adalci shi ne a fara da abin da ya yi daidai, domin kusan sulusin farko na fim ɗin yana da ƙarfi. Ana buɗe shi da zane-zanen wuta da azaba na Hieronymus Bosch, mai zanen ƙasar Holan da ya rasu a 1516, ana jin kururuwar mutane daga nesa. Sai a jefa mai kallo cikin wani gida a daren da ake tafka ruwa da tsawa, inda Mark Preston da mahaifiyarsa ke jiran dawowar maigida. Maigidan ya dawo, amma ba idanu a kwarmin idonsa, sai baƙin rami, ya ce a mayar wa Corbis abin da yake nasa, sannan ya zube a bakin ƙofa ya narke a cikin ruwan sama kamar kakin zuma. Ba a daɗe ba aka sace uwar, aka bar tsohon baran gidan rataye ƙafa sama kai ƙasa. Ba wanda ya yi wa mai kallo bayanin komai, kuma a wannan matakin rashin bayanin alheri ne, domin tsoro ya fi kama mutum lokacin da bai san daga ina abin yake zuwa ba.

Fitowar da ta biyo baya ita ce mafi kyau a fim ɗin gaba ɗaya. Mark ya rataya laya a wuya, ya ɗauki bindiga, ya tuƙa mota zuwa wani kufai a tsakiyar hamada mai suna Redstone, wurin da aka ɗauka a jihar Durango ta ƙasar Meziko, inda aka saba ɗaukar finafinan kaboyi. Rana tsaka, ba inuwa, ba motsin kowa, sai wata farar majami'ar katako irin ta gabashin Amurka, an kulle tagoginta da alluna, tana tsaye a inda bai kamata a gan ta ba. Mark ya matsa famfo, ruwa ya ƙi zuwa. Sai ga wani mutum mai ƙiba da hular kaboyi da fara'a, ya taɓa famfon ruwa ya zubo, Mark ya kurɓa ya tofar saboda ɗaci. Wannan mutumin shi ne Corbis, kuma Borgnine ya buga shi da murmushin mai masauki, yana magana a hankali kamar wanda ba ya gaggawar komai. Suka ƙulla caca: imanin Mark da imanin Corbis, in Mark ya shiga majami'ar ya fito da imaninsa a mayar masa da iyayensa, in ya kasa ya ba da littafin da ake nema, ya haɗa da ransa. Mai ɗaukar hoto, Álex Phillips ƙarami, ya bar faɗin hamadar ya danne mutanen biyu, har mai kallo ya ji cewa ba inda za a gudu a ɓuya. Da fim ɗin ya tsaya a kan wannan cacar, ya bi ta sannu a hankali har ƙarshe, da yau wani labarin ake yi.

Sai dai cacar ba ta ɗauki lokaci ba. Mark ya shiga, ya ga taron masu baƙaƙen alkyabba marasa idanu, ya ga uwarsa a cikinsu, ya firgita ya buɗe wuta, aka kama shi. Daga nan aka ajiye jarumin da mai kallo ya saba da shi, aka kawo sabo, ɗan'uwansa Tom, wanda ba a ambace shi ba kafin wannan lokacin, tare da matarsa Julie mai gane-gane, da wani malamin jami'a, Dakta Richards, mai binciken al'amuran ɓoye. Tom ya kama hanyar da Mark ya bi, ya je kufan da Mark ya je, ya leƙa majami'ar da Mark ya leƙa, ya yi mamakin abubuwan da mai kallo ya riga ya gama mamakinsu. Canza jarumi a tsakiyar fim dabara ce da wasu suka yi ta yi musu kyau, amma sharaɗinta shi ne na biyun ya kai mu inda na farkon bai kai ba. A nan maimaici aka yi, kuma a wannan tsakiyar ne ake ta kallon mota tana keta hamada, mutum yana hawa bene yana saukowa, ana cinye mintuna ba tare da labari ya motsa ba.

Bayanin da aka hana mu da farko ya zo ne ta hanyar wahayin da Julie ta gani. Kusan shekaru 300 da suka wuce, a cikin al'ummar Kiristoci masu tsananin ra'ayi na yankin New England da ke arewa maso gabashin Amurka, Corbis yana jagorantar wata ƙungiyar asiri, yana riƙe da littafin da mabiyansa suka rubuta sunayensu da jini. Matar ɗaya daga cikin mabiyan, Martin Fyfe, ta sace littafin ta tona asiri, mutanen gari suka ƙone Corbis, shi kuma ya la'anci zuriyar Fyfe, wadda iyalin Preston suka fito daga tsatsonta. Idan babu littafin, Corbis ba zai iya miƙa wa ubangidansa rayukan da ya tara ba. Rayukan kuwa suna tsare a cikin wani tulu mai ƙahonin rago da 'yar taga a gaba, wadda in an leƙa ake ganin mutane suna ihu a cikin ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Maganar littafin ba ƙirƙirar marubutan fim ɗin ba ce, kuma a nan ne aka fi yin asara. A shari'o'in maita da aka yi a garin Salem na Massachusetts a 1692, zargin cewa wane ya sa hannu a littafin Shaiɗan, ko ya matsa wa wance ta sa, yana cikin abubuwan da suka fi yawo a bakin masu ba da shaida. Mutanen wannan al'umma sun ɗauki addininsu a matsayin alkawari tsakaninsu da Ubangiji, sukan kuma rattaba hannu a yarjejeniyar majami'arsu, don haka babu abin da ya fi tayar musu da hankali kamar tunanin cewa maƙwabcin da suke zama sahu ɗaya da shi ya rattaba nasa hannun a wani littafin dabam cikin dare. Wannan zargin ya ci rayuka: an rataye mutum 19, an danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Ba a ƙone kowa a Salem ba, rataya ce hukuncin maita a wannan yankin, amma wuta ta fi kyau a hoto, shi ya sa fim ɗin ya zaɓe ta, kuma wannan ƙaramin laifi ne. Babban laifin shi ne an ɗauko abu mai wannan nauyin tarihi aka mayar da shi kaya kawai da ake wawaso, wanda da za a musanya shi da zobe ko mabuɗi ba abin da zai canza a labarin.

Fim ɗin ban tsoro yana iya ƙirƙirar duk irin duniyar da ya ga dama, amma dole duniyar ta kasance da doka, domin mai kallo ba ya jin tsoro sai ya san abin da zai iya faruwa da abin da zai iya hana shi. A nan ba a san dokar komai ba. Mahaifin Mark ya narke a ruwan sama na yau da kullum tun a farko, ba a faɗi dalili ba. Layar da Mark ya rataya, wadda aka nuna kamar ita ce kariyarsa, ta tashi a banza cikin ɗan lokaci. Iyalin Preston sun riƙe littafin ƙarni uku a ɓoye, ba a ce me ya hana su ƙone shi ba, ba a kuma ce me ya hana mutumin da ke iya sace uwa daga ɗakinta ya ɗaga katakon daɓen da littafin ke ƙarƙashinsa ba. Dakta Richards, wanda shi ne mai ilimin cikinsu, ya ɗauki littafin da aka sha wahalar ɓoyewa ya kai shi garin da maƙiyi yake. Ba a tantance ko marasa idanun nan mutane ne da aka ƙwace wa kurwa, ko gumakan kaki ne da aka zuba wa tsoffin rayuka ba. Idan mai kallo ya shagala da irin waɗannan tambayoyin a tsakiyar fitowar da ake so gabansa ya faɗi, to an riga an rasa shi.

Amma a ganina ciwon da ya fi zurfi yana wani wurin. Labarin bautar Shaiɗan labarin jarrabawa ne, kuma abin da ke sa shi ya kama zuciya shi ne a ga mutum mai hankali, irin wanda aka sani, ya auna abin da zai samu da abin da zai rasa, sannan ya miƙa wuya da kansa. A Rosemary's Baby, mijin ya ba da matarsa ne don ya samu ɗaukaka a sana'arsa ta wasan kwaikwayo, matsafan kuma tsofaffin maƙwabta ne masu kawo abinci da yawan tambayar lafiya. Finafinan ƙungiyar asiri da aka yi ta yi a kudancin Najeriya tun farkon shekarun 1990, duk da ƙarancin kayan aikinsu, sun gane wannan sarai: sai an nuna talaucin mutum da wulakancin da ya sha da motar abokinsa kafin a kai shi ɗakin da za a nemi jinin na kusa da shi. A The Devil's Rain ba wanda aka yi wa tayin komai. Ba dukiya, ba mulki, ba lafiya, ba fansa. Ana kama mutum ne a ɗaure shi, a narka 'yar tsanar kaki a kan wuta, ya tashi ba idanu. Mabiyan Corbis fursunoni ne, kuma tunda an cire musu idanu, an cire wa 'yan wasan abin da za su nuna shakka ko kwaɗayi ko nadama da shi. Sa Ida Lupino a fim sannan a rufe mata ido da baƙar roba a yawancin fitowarta ɓarnar dukiya ce.

Kasancewar LaVey a wurin bai gyara wannan ba, kuma akwai dalili. Shi kansa bai yarda da samuwar Shaiɗan a matsayin halitta ba. A koyarwar da ya wallafa a 1969, Shaiɗan alama ce ta son kai da biyan bukatar jiki, ibadar kuma wasan kwaikwayo ce da ake yi don motsa zuciyar mai yi. Mutum ne da ya ƙware a jan hankalin 'yan jarida, da askakken kai da baƙar alkyabba da gidan da ya shafe da baƙin fenti. Abin da irin wannan mutumin zai iya bai wa fim shi ne kayan ado: tauraro mai tsini biyar da aka kifa, kan bunsuru a tagar gilashi, tsarin tsayuwar sahu, kalmomin da za a rera. Duk ya bayar, kuma sun yi kyau a hoto. Abin da ba zai iya bayarwa ba shi ne nauyin da ke zuwa daga wanda ya yarda cewa halaka gaskiya ce. William Peter Blatty, marubucin The Exorcist, ɗan Katolika ne da ya yi karatu a hannun limaman Jesuit, ya kuma rubuta labarinsa yana mai ɗaukar Iblis da gaske, shi ya sa limamin da ke cikin labarin yake fama da raunin imaninsa kafin ya fuskanci aljanin. Imanin Mark Preston, wanda aka ce a kansa aka yi caca, bai wuce laya da 'yan kalmomin addu'a da ya ɗaga murya ya karanta ba. Sunan LaVey a allon talla ya yi aikin da aka ɗauko shi dominsa, wato jawo masu son ganin abin da aka ce na gaske ne.

Ko Borgnine ma, wanda shi ne ginshiƙin fim ɗin, an rage masa ƙarfi da hannun masu kwalliya. A tsakiyar wani taron tsafi hayaƙi ya tashi, ya rikiɗa ya zama mai kan bunsuru, da ƙahoni murɗaɗɗu da gemu da faffaɗan hanci. Aikin kwalliyar, wanda masu kwalliyar fim na gidan Burman suka yi, ba shi da laifi a matsayin sana'a, amma mutumin da ya ba da tsoro da hular kaboyi da murmushi a bakin famfo ya koma abin dariya da zarar an ɗora masa ƙaho, domin abin da mai kallo ke zargi a ransa ya fi abin da aka nuna masa muni.

Sai kuma ƙarshen, wanda a kansa aka gina tallan fim ɗin gaba ɗaya, har ana cika bakin cewa ba a taɓa yin fim mai irinsa ba. Dakta Richards ya roƙi Mark, wanda yanzu ba shi da idanu, ya tuna ko shi wane ne, Mark ya ɗaga tulun ya fasa, rufin majami'a ya buɗe, ruwa ya sauko, mabiyan suka fara narkewa. Fuskoki suna zubewa, kumfa kore da ruwan ɗorawa yana fitowa daga kwarmin ido, hannaye suna malala a cikin taɓo. Minti na farko yana da ban ƙyama yadda ake so. Amma an ci gaba da nunawa, wannan ya narke, wancan ya narke, a koma kan na farko a ga inda ya kai, har abin ya doshi minti 10, ba magana, ba wani jarumi da ke cikin haɗarin da za a damu da shi. Kuma tunda an riga an nuna wannan siddabarun a mintunan farko a kan mahaifin Mark, abin da aka yi alkawarin ba a taɓa gani ba ya zama abin da aka gani sa'a ɗaya da ta wuce, an dai ƙara yawansa. Duk alamu sun nuna cewa daga wannan fitowar aka faro tunanin fim ɗin, aka koma baya ana neman labarin da zai kai ga ita. Kaki ne ke zuba ba jini ba, fim ɗin kuma ya samu matakin PG a tsarin tantance finafinan Amurka, wanda ya bar ƙofar sinima a buɗe ga matasa.

Bayan majami'ar ta tarwatse, Tom ya rungumi matarsa, sai kyamara ta juya aka ga ashe Corbis ya runguma, ita kuwa Julie tana can tsare a bayan gilashi tana ihu. Irin wannan juyin na mugu ya yi nasara ya zama ruwan dare a finafinan shekarun 1970, kuma yana aiki idan an shuka shi tun da wuri. A nan ya rushe ɗan abin da ya rage na doka, domin idan fasa tulun da narkewar Corbis a gaban idonmu ba su hana shi komai ba, to duk wahalar da aka sha a kan littafi da tulu ba ta da ma'ana tun asali.

Masu sharhi ba su raga masa ba. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times ya koka cewa an ja ɗan ƙaramin labari an miƙe shi fiye da ƙarfinsa, daga baya ya sa shi cikin jerin finafinan da ya fi tsana, Vincent Canby na New York Times kuma ya kwatanta tsoron da ke cikinsa da na kallon ƙwai yana soyuwa. Kamfanin da ya rarraba shi, Bryanston, wanda ya kai The Texas Chain Saw Massacre da wani fim ɗin Bruce Lee gidajen sinimar Amurka a 1974, na iyalin Peraino ne masu alaƙa da 'yan mafiyar New York, ya kuma durƙushe a 1976. Borgnine ya faɗa daga baya cewa ba a taɓa biyan sa kuɗin aikinsa ba. Wanda ya fita da riba shi ne wani saurayi da ya fito a cikin marasa idanun, da kalmomin da ba su taka kara sun karya ba, John Travolta, wanda wannan ne fim ɗinsa na farko a sinima, shekara 2 kafin ya zama tauraron duniya, kuma a wurin ɗaukar fim ɗin ne abokiyar aikinsa Joan Prather ta gabatar masa da aƙidar Scientology, wata ƙungiyar addini da ta samo asali a Amurka. Fuest, daraktan, shi ne ya ɗanɗana kuɗar faɗuwar fim ɗin. Bayan wannan fim ɗin ya koma aikin talabijin, bai sake yin fim ɗin sinima ba sai guda ɗaya a 1982, ya rasu a 2012, shekarar da Borgnine ma ya rasu. Ba kuma za a ɗora laifin a kan cewa jama'a sun gaji da labarin Shaiɗan ba, domin a 1976 kamfanin Fox ya fitar da The Omen, labarin wani jami'in diflomasiyya da ya karɓi jaririn da ba nasa ba ya ɓoye wa matarsa gaskiya, fim ɗin kuma ya shiga sahun waɗanda suka fi kawo kuɗi a Amurka a wannan shekarar.